Malam Halliru, Mai Rakiyar Masu Neman Aiki

Kafin ma'aikatan kamfanin sarrafa masara da waken soya da ke kan hanyar Ikara zuwa Makarfi su fara isowa, tsohon babur ɗin Malam Halliru Janfalan ya riga ya huce a gindin darbejiya. Shi ne jami'in ɗaukar ma'aikata. Ofishinsa yana can ciki, da fanka da kujera mai juyawa, amma ba can yake fara zuwa ba. Rumfar da ke bakin ƙofa yake nufa. Ya leƙa randa ya ga ko an cika ta, ya girgiza benci ya ji ko ƙusa ta saki, ya duba butoci da tabarmin salla. In lokacin kaka ne, sa'ad da kamfani ke neman masu awo a sikeli da 'yan sito da direbobi da masu kula da injuna, zai tarar mutane sun riga shi: wani daga Kudan, wata daga Makarfi, wani ya taso daga ƙauye tun da asuba da takardunsa a leda. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa irin ta wanda ba ya sauri. Ina kwana, ya hanya, ya aka baro mutan gida, an karya kuwa? Sannan ya gaya wa kowa wajen ƙarfe nawa za a kira shi, don mai son zuwa neman koko ya je hankali kwance.

Ƙarshen watan nan Malam Halliru zai yi ritaya. Ba wanda zai sa sunansa a jikin titi, kuma shi ma bai nema ba. Amma ya cancanci a tsaya a jinjina masa, domin ya shafe shekarun aikinsa yana yaƙi da wata 'yar magana da ta zaunar da mutanen ƙasar nan fiye da ciwon ƙafa: "Ka je, za mu neme ka." Kowa ya san ta. Mai faɗinta yana ganin ladabi ya yi. Wanda aka faɗa wa kuwa sai ya koma gida ya dakatar da rayuwarsa, ya riƙa sa waya a caji yana leƙa ta, damina ta wuce, rani ya wuce, ba wanda ya neme shi. Abin da Malam Halliru ya tsaya a kai shi ne duk wanda ya tako ƙofar kamfanin nan ya san matsayinsa da wuri, ko ya samu ko bai samu ba, don kada abin da yake hannunsa ya kuɓuce yana jiran wanda ba zai zo ba.

Shekarun baya hedikwatar kamfanin a Kaduna ta kawo wani tsari mai kyau. Duk wanda ya zo intabiyu, da yamma a tura masa saƙo ta waya ya ba kamfani maki a kan yadda aka karɓe shi. Amsoshi suka fara shigowa, kowa ya ba da maki cikakke. Aka yi ta murna, har da shi Malam Halliru. Sai ranar da ya ga amsar wata baiwar Allah daga Kudan, wadda da idonsa ya gan ta zaune a rana da goyo tun hantsi har la'asar, ba a ko ce mata sannu ba. Ita ma ta rubuta komai ya yi daidai, Allah Ya saka da alheri. Nan murnarsa ta koma ciki. Ai mu ne. Bahaushe ko zazzaɓi na kaɗa shi, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Balle kuma mai neman aiki, wanda amsarsa take hannunka, ka tambaye shi ko ka kyauta masa? Wa zai ce a'a?

Yadda ya gano hanyar jin gaskiya ba dabara ya zauna ya ƙirƙira ba. Wata rana wani dattijon direba ya gama intabiyu, Malam Halliru ya ga ya girme shi, sai ya tashi ya taka masa kamar yadda ake yi wa baƙo. A ofis dattijon ba abin da ya ce sai godiya. Amma da suka kusa ƙofa, suna tafe kowa na kallon gabansa, sai ya yi gyaran murya.

"Malam, ba wai ƙorafi nake ba. Amma da dai ba a kira mutum ranar kasuwar Makarfi ba. Wallahi yau lodi biyu na bari, kuma ban san ko zan samu nan ɗin ba."

Malam Halliru ya tsaya cak. Wannan ai abu ne da kowane ɗan gida ya sani: baƙo yakan zauna ya sha ruwa ya yi ta hirar duniya, ainihin abin da ya kawo shi sai an fito rakiya yake fitowa. Tun daga ranar, duk namijin da ya fito daga ɗakin intabiyu sai Malam Halliru ya raka shi har bakin titi. Mata kuwa ya roƙi abokiyar aikinsa, Malama Ni'ima, ta riƙa taka musu. Abokan aiki suka yi ta tsokanarsa, wai kamfani ya ɗauki jami'i ya ɓuge da ɗan rakiya. Shi ma yakan yi dariya ya ce takalminsa ne ke shan wahala, ba nasu ba.

A wannan 'yar tafiya tsakanin ofis da titi ya ji abubuwan da saƙon waya bai taɓa kawowa ba. Ya ji cewa saƙon gayyata da Turanci kawai yake zuwa, har wani makaniki mai hannu ya zo kwana ɗaya bayan an gama don wanda ya karanta masa ya karanta ba daidai ba. Ya ji mata ba su da inda za su kauce su shayar da yara. Ya ji cewa masu tambaya suna latsa waya mutum na tsakiyar bayani, abin da ke sa bakin mutum ya mutu. Duk ranar Litinin sai ya kawo ɗaya a taron manyan ma'aikata, ba da faɗa ba, ya ajiye a gabansu, ya kuma kawo shi Litinin ta gaba in ba a yi komai ba. Da haka aka yi rumfa, aka kewaye wa mata gefe guda, aka daina kira ranar kasuwa, aka koma kiran mutane da Hausa baki da baki. Wayoyin masu tambaya kuwa yanzu a cikin aljihun tebur suke kwana har a tashi, ko da ransu bai so ba.

Saƙon makin ma bai ce a jefar ba. Ya ce a jinkirta shi sai mutum ya ji sakamakonsa, lokacin da ba ya tsoron komai, kuma Malama Ni'ima ta riƙa bugawa tana tambaya da baki. Nan take maki ya sauko. Hedikwata ta bugo tana tambayar me ya lalace a Ikara. Malam Halliru ya ce ba abin da ya lalace, mutane ne suka fara magana. Suka saurare shi, suka gamsu, har suka kai tsarin sauran rassansu.

Kai ne, Malam Halliru, ka ɗauki wanda bai samu aiki ba a matsayin baƙon da ya cancanci a sallame shi da mutunci. Kai ne ka ga maki ya sauko ka yi hamdala, alhali wani da sai ya nemi yadda zai ɓoye.

Sai dai 'yar maganar nan ta ƙi mutuwa. Ta fi sauƙi a baki fiye da a'a, kuma mutanen kirki sun fi kowa faɗinta. A kakar da ta wuce, ɗaukar ma'aikata ta ƙarshe da Malam Halliru zai gani, ta kusa cinye wa wani magidanci ranin shekara guda.

Yahuza sunansa, mutumin Furana, mai gyaran injin ban-ruwa da janareta, da mata da 'ya'ya uku. Ya nemi gurbin mai kula da injin niƙa. Ya yi ƙoƙari ƙwarai a intabiyu, amma akwai wanda ya fi shi, wani da ya taɓa aiki da irin injin kansa a Zariya. Malam Halliru yana cikin masu tambayar, ya san haka. Manajan kamfanin, Injiniya Saminu, mutum ne mai taushin zuciya. Da ya ga yadda Yahuza ya zage yana bayani, gumi na tsattsafo masa, sai tausayi ya kama shi. Ya miƙa masa hannu ya ce, "Ka burge mu, Malam Yahuza. Ka je, in sha Allahu za mu neme ka."

A hanyar rakiya Yahuza kamar ba ya taka ƙasa.

"To, Yahuza, ya ka ga zaman namu?"

"Wallahi Baba sai godiya. Allah Ya rufa asiri. Dama kawuna Sada ya ware mini wani yanki a fadamarsa in yi tumatir, iri ma ya isa dashe. Ya ce in ba shi amsa kafin a sauko Juma'a, in ba zan yi ba ya ba maƙwabcinmu Bilya, don shi ma ya matsa. To yanzu ai shi ke nan, sai in ce ya ba shi."

Dokar kamfani ita ce ba a faɗin sakamako sai hedikwata ta sa hannu, kuma hannun nan yakan ɗauki makonni. Malam Halliru kuwa bai taɓa karya wannan doka ba, ba zai fara a watanninsa na ƙarshe ba. Amma irin tumatir ba ya jiran sa hannun kowa. In ya wuce lokacin dashe ya yi tsayi ya lalace, fadama kuma in ta shiga hannun wani sai baɗi.

"Yahuza, ka ji ni da kyau. Kada ka saki fadamar nan sai ka ji daga bakina."

Yahuza ya yi murmushi irin na wanda ake yi wa wasa. "Haba Baba, ai Manaja da bakinsa ya faɗa."

"Na ji abin da ya faɗa. Ni dai na roƙe ka, kada ka saki."

Yahuza ya hau acaɓa yana ɗaga hannu, kuma Malam Halliru ya ga alama roƙon bai shiga ba. Bai koma ofishinsa ba, kai tsaye wurin Manaja ya wuce.

"Ranka ya daɗe, maganar da ka gaya wa mutumin Furanan nan, ya tafi da ita a matsayin alkawari."

Injiniya Saminu ya ajiye biro. "Haba Malam Halliru. Mutum ya taso tun daga Furana, ya yi iya yinsa, in dube shi in ce masa me? Ai magana ce ta sallama kawai, kowa ya san ma'anarta."

"Mu masu faɗi mun sani, ranka ya daɗe. Shi da ya ji, gona zai saki saboda ita. Ranar Juma'a."

Ya kwashe labarin fadamar ya gaya masa. Manaja ya shafa kai, ya ce inna lillahi. Wanda ya san Injiniya Saminu ya san ba mugunta ya yi ba, kuma abin ya dame shi har ya kasa cin abincin rana. Shi da kansa ya buga wa hedikwata ya nemi a gaggauta sa hannu a kan wannan gurbi ɗaya. Aka ce za a duba. Daga nan Malam Halliru ya karɓi ragamar naci. Malama Ni'ima ta ce ba ta taɓa ganinsa haka ba: ya buga da safe, ya buga bayan azahar, ya gaida wanda ya ɗauka har da tambayar iyali, sannan ya sake maimaita zancen iri da dashe, har mutanen Kaduna suka fara kiransa mai tumatir. Ranar Alhamis da la'asar aka sa hannu.

Malam Halliru ya ga maganar ta fi ƙarfin waya. Ya ce zai je Furana da safe, ya faɗa a gaban kawun, don kada a yi ta ce-ce-ku-ce. Washegari da safe, yana ɗaure hular kwanonsa zai hau babur, sai Manaja ya fito da makullin mota.

"Ni na ƙulla abin nan. Da ni za a je a kwance."

Abin da ba su lissafa ba shi ne yadda motar kamfani take a ƙofar gidan mutum a ƙauye ranar Juma'a da hantsi. Kafin su fito, unguwa ta ɗauka. An shimfiɗa tabarma a zaure, an kawo fura mai sanyi, maƙwabta sun fara shigowa suna yi wa Yahuza barka, wata tsohuwa daga cikin gida har ta rangaɗa guɗa. Malam Halliru ya roƙi jama'a su ɗan ba su wuri, aka bar su da Yahuza da Kawu Sada. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Da gaisuwa ta ƙare bai yi kwana-kwana ba.

"Yahuza, aikin nan ba ka samu ba. An ba wani wanda ya taɓa riƙe irin injin. Hannunka a kan inji ba wanda ya raina shi, abin da ya rage maka shi ne ɓangaren lantarkinsa. Na zo ne in gaya maka tun fadama tana hannunka."

Manaja ya karɓa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Laifina ne, Malam Yahuza. Na gaya maka abin da ban tabbatar ba. Ka yafe ni."

Yahuza ya ɗago kai, idonsa ya kaɗa.

"To Baba, me ya kawo ku? Da waya ma ai ta isa. Sai da kuka tara mini jama'a?"

Malam Halliru ya ce, "Ka yi gaskiya. Ban yi tunanin wannan ba, kuma ya kamata in yi." Kawu Sada ya jawo carbinsa ya ce tun ranar Laraba Yahuza ya ce masa ya ba Bilya fadamar, shi ne ya ja ƙafa don ya ji an ce wani dattijo a kamfani ya ce a dakata. Yau bayan masallaci ya yi niyyar miƙa ta. Ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Gobe da sassafe ka fito da irin nan." Yahuza ya tashi ya shige gida, ko sallama bai yi musu ba.

Wani da sai ya ce ya yi alheri an rama masa da fushi. Malam Halliru bai ɗauke shi haka ba. Abin ya yi masa ciwo, ya faɗa, amma Litinin na zuwa ya kawo shi gaban taro kamar sauran. Tun daga lokacin, kafin mai neman aiki ya bar kamfani ana tambayarsa ta yaya yake so ya ji sakamako, ta waya ko ya dawo da kansa, kuma motar kamfani ba ta ƙara zuwa ƙofar gidan kowa da irin wannan labari ba. Injiniya Saminu kuwa ya sauya yadda yake rufe intabiyu. Yanzu yakan faɗi ranar da mutum zai ji amsa, e ko a'a, ya ƙara da cewa, "Kafin nan kada ka dakatar da komai naka saboda mu." Da farko maganar tana yi masa nauyi a baki, yanzu ta zauna.

Da Malama Ni'ima ta buga wa Yahuza don jin makinsa, bai rage komai ba. Ya ba kamfani maki mafi ƙanƙanta, ya kuma ɗora da bayani mai zafi har katinta ya kusa ƙarewa. Ta zo tana ɗari-ɗarin gaya wa Malam Halliru. Shi kuwa ya sa ta maimaita masa kalma bayan kalma, yana gyaɗa kai, ya ce kada a sassauta ko ɗaya wajen aikawa Kaduna.

Makon jiya wasu ma'aikatan kamfanin da suka je sayen masara wajen Furana suka biya ta fadamar Kawu Sada. Suka tarar da Yahuza cikin fangali, wando a naɗe, injin ban-ruwa na aiki, tumatir ya yi ja har rassa sun sunkuya, manyan kwanduna jere a bakin hanya ana jiran mota. A gefe wani littafin koyon lantarki ne a kan buhu, ya ce da yamma yake zuwa wurin wani mai wayarin a Ikara. Suka gaya masa Malam Halliru zai yi ritaya. Ya kashe injin, ya share hannu a riga.

"Har yau in na tuna ranar nan raina yana ɓaci," in ji shi. "Amma ku gaya wa Baba, da ya bar ni da maganar nan ta za mu neme ka, da yanzu ina kan dakali ina kallon waya, Bilya yana tsinkar wannan. Ku ce masa yarana sun ci sun ƙoshi a ranin nan."

Da saƙon ya iso, Malam Halliru ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce Allah Ya sa albarka a gonar, ya tashi ya fita don akwai mai jiransa a rumfa.

Malam Halliru na Janfalan, mai faɗin a'a da ladabi, mun gode. Kai ne ka yarda a yi fushi da kai yau don kada gidan wani ya kwana da yunwa gobe. Kai ne aka gaya wa kuskurenka a zauren mutane, ka karɓa, ka mai da shi gyara. Waɗanda ka ɗauka aiki suna da albashin da zai tuna musu da kai. Waɗanda ba ka ɗauka ba sun fi su yawa nesa ba kusa ba, suna Kudan, suna Makarfi, suna ƙauyukan Ikara, kuma da wuya ka samu wanda zai ce ka wulaƙanta shi. Allah Ya ba ka hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa, Ya sa 'ya'yanka su tarar da irinka a duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa. Ya kuma riƙa wa Malama Ni'ima, wadda za ta gaji kujerarka da tafiyarka.

Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, a kamfani kuke ko a asibiti ko shago mai yara biyu, abin da mutumin nan ya yi bai fi ƙarfin kowa ba. Ku tambayi mutane yadda kuka karɓe su a lokacin da ba sa tsoronku, ku jure abin da za su faɗa. Akwai wani yanzu haka da ya jingine fartanyarsa yana jiran wayarku. Ku kira shi yau, ko da amsar a'a ce.